Hawaye da Firgici a Fina-finan Mustafa Al-Aƙƙad

Da yawa daga cikin waɗanda suka zubar da hawaye a gaban fim ɗin Ar-Risala ba su san cewa wanda ya shirya shi a 1976, Mustafa Al-Aƙƙad mutumin Halab, shi ne kuma ya zuba dukiyarsa aka fitar da Halloween a 1978 ba, fim ɗin ban tsoro da John Carpenter ya ba da umarninsa a Amurka. Ɗaya yana sa zuciya ta yi laushi, ɗayan yana hana barci. Ga ɗalibin ilimi tambayar ita ce, wane nauyi abin da mai kallo ke ji yake da shi a ma'aunin shari'a?

Ar-Risala ya kauce wa nuna Manzon Allah (S.A.W) ko jiyar da muryarsa, haka ma halifofinsa huɗu, kuma wannan ladabi ne da ya cancanci yabo. Amma dabarar da aka maye gurbin da ita tana buƙatar nazari. A wurare da dama an ajiye kyamara a matsayin da ake nufin Manzo yake, sahabbai suna duban idonta suna magana. Wanda suke duba a haƙiƙa shi ne mai kallo, wato an zaunar da shi, ba da saninsa ba, a mazaunin da bai halatta ga kowa ba. Da irin wannan dabara Halloween ya buɗe: mai kallo yana gani da idon yaron da zai kashe yayarsa. Kayan aikin ɗaya ne, abin da aka ɗora musu ne ya bambanta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsuma da jiki ke yi aikin masu sana'a ne, kafin ya zama shaidar gaskiyar abin da ake nunawa.

Malamai sun daɗe da rarrabe nau'o'in tsoro. Ibnul Ƙayyim a Madarijus Salikin ya bambanta khauf da khashya, ya bayyana cewa khashya tsoro ne da ke tafe da sani, abin da aya ta 28 a Suratu Faɗir ke nuni gare shi. Firgicin fim ɗin ban tsoro ba shi da wannan sharaɗi. Duhu da ƙarar bazata ne suke haifar da shi, da an kunna fitila ya watse. Hukuncinsa mai sauƙi ne, domin babu mai ɗaukarsa ibada.

Hawayen Ar-Risala su ne masu wuyar sha'ani. Mai kallo yana kuka a wurin azabtar da Bilal da iyalan Yasir (R.A), kuma kukan yana da tushe a tarihi ingantacce. Sai dai kiɗan Maurice Jarre yana da kaso a cikinsa, kuma da wuya mutum ya tantance ina ƙaunar sahabbai ta tsaya, ina tasirin goge ya fara. Bugu da ƙari, ɓoye manyan sahabbai ya tilasta a jingina labarin a kan Sayyidina Hamza (R.A), har aka wayi gari da sira wadda ba a ganin Abubakar a hijirarta, ba a ganin Umar a shawarwarinta. Wanda ya fara sanin sira ta wannan hanya zai fito da ma'aunin daraja karkatacce. Kuma duk lokacin da aka ambaci Hamza, fuskar Anthony Quinn ko ta Abdullahi Gaith, wanda ya fito a zubin Larabci, ita za ta riga littafi zuwa zuciyarsa. Malamin da ya karantar da yaƙin Uhudu ga matasa ya san wannan wahala.

Shi ya sa fim ɗinsa na Umar Mukhtar, na 1981, ya fi tsayuwa da ƙafafunsa. Gwarzon da Italiyawa suka rataye a Libiya a 1931 mutum ne da aka ɗauki hotonsa, ana iya nuna shi gaba da gaba yana karantar da yara, yana yaƙi, yana tsufa. Ba a buƙaci ɓoye kowa ba, don haka ba a karkata labarin don cike gurbin kowa ba.