Gwanintar zaɓen filta a garejin Ƙauran Namoda

Duk motar da ta yi lodi daga Ƙauran Namoda zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya, sai ta sha ƙura ta ƙoshi. Daga Nuwamba zuwa Maris ga hazon hunturu, ga turɓayar hanyoyin ƙauye. Injin fetur kuwa sai ya zuƙi iska kusan lita 10,000 kafin ya ƙone lita ɗaya ta mai, kuma abin da ya raba wannan ƙura da fistin 'yar takarda ce a nannaɗe. Shi ya sa nake jinjina wa bakaniken da ya iya zaɓen filta fiye da wanda ya iya sauke inji, don shi ne ke hana a kai ga saukewar.

Ka tsaya kusa da irinsa ranar juye. Yaron gareji zai dawo daga shagon 'yan sifiya da filtar mai cikin kwali mai sheƙi, yana cewa, “Oga, ga ta, orijinal ce.” Maigidan ko kallon kwalin ba ya yi. Lambar Toyota da ke farawa da 90915 masu jabu ma sun iya buga ta, ko a Gusau aka sayo ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Zai fara jinjina ta a tafin hannu, saboda jabu sau da yawa sakayau take, gwangwani siriri, takarda kaɗan. Sai ya kifa bakinta kan na tsohuwar ya ga ko robar ta zo daidai, sannan ya duba zare.

A zaren nan ake yawan yin ɓarna. Na Corolla da Golf awon inci ne, na Honda milimita 20 ne, kuma bambancin bai cika milimita ɗaya ba. Filtar Honda za ta iya hawa kan Corolla har ta yi kamar ta ɗaure, sai mota ta miƙa hanya mai ya yi ƙarfi ta saki, baƙin mai ya tsiyaye a daji. Gwani da yatsa yake jin wannan lakwas ɗin tun zagayen farko.

Zai kuma leƙa ƙananan ramukan da ke kewaye da zaren. Akwai wata roba a ƙarƙashinsu da ke hana mai komawa ƙasa idan mota ta kwana. In babu ita, ko ta bushe, da asuba za ka ji inji na ƙaraf-ƙaraf kafin mai ya hau, kuma a wannan ɗan lokacin ƙarfe ke cin ƙarfe. In ya gamsu, sai ya shafa wa robar baki sabon mai, ya ɗaure da hannu. Sifana ta kwancewa ce.

Filtar iska, wadda direbobi ke kira iya-kilina, ita aka fi rainawa, alhali a ƙasarmu ita ce kan gaba. Yakan ɗaga ta ga rana: haske ya ratsa bai-ɗaya, ba huji ko ɗaya. Ya duba yawan ninkin takardar, ya matsa gefen ya ji laushi, domin gefe mai tauri ba ya like akwatin, ƙura sai ta zagaye ta shige abinta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake zura yatsa cikin tiyon da ke bayan filtar. Idan yatsan ya fito da gari, ya san tsohuwar ta daɗe tana ha'inci, kuma ringi ya fara biyan kuɗin.

Ba ya yarda a wanke ta takarda da fetur, ko a kai wa mai faci ya bankaɗa mata iska mai ƙarfi, sai dai a kakkaɓe a hankali. Ba ya kuma jiran kilomitan da ke littafin mota. Littafin kansa ya ce a rage tazara a wuri mai ƙura.

Direbobin Shinkafi da Zurmi, idan bakanikenku ya mayar da yaro shago sau biyu kan filta, ku ƙyale shi, kada ku ce ya cika fi'ili. Kuɗin filta goma masu kyau bai kama ƙafar na sauke inji sau ɗaya ba.