Laifin Jariri Ne? Sharhi a kan Wasiƙar Laudato Si'

A nan Manshiya, wata unguwa ta birnin Sabha a kudancin Libiya, wani saurayi da ya ƙetaro hamada daga Maradi ya tambaye ni bayan addu'ar yamma, ya ce, "Malam, ashe yawan haihuwarmu ne ke ƙara wa duniya zafi?" Tambayarsa ta sa na sake karanta Laudato Si', wasiƙar da marigayi Paparoma Francis ya rubuta a 2015 a kan kula da halittar Allah.

A sashe na 50, Paparoma ya ƙi yarda a ɗora laifin a kan yawan jama'a, a ƙyale almubazzarancin masu wadata. A nan ya yi daidai. Babban abin da ke ɗumama duniya shi ne iskar da ke fita in an ƙone fetur da gas da kwal. Ba'amurke ɗaya yakan fitar da fiye da tan 13 na wannan iska a shekara, mutumin Nijar kuwa wajen kashi ɗaya bisa goma na tan ɗaya. Wato Ba'amurke guda ya fi mutanen Nijar ɗari. Mai zargin jaririn talaka ya bar jaki yana dukan taiki.

Amma ina da ƙorafi. Wasiƙar ta taɓa cunkoson jama'a a taƙaice, ta wuce, alhali nan ne ciwonmu yake. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, yau sun haura miliyan 25. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki. Ba a barin ƙasa ta huta, ana kuma sare itace domin girki. Zafin da wasu suka jawo ya zo ya tarar da ƙasarmu a gajiye. Wannan yana cikin abin da ke ɗora samarinmu a bayan mota daga Agadas zuwa Sabha.

Duk da haka, yawan mutane ba la'ana ba ne. Tun wajen 1983, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya nuna wa manoman Maradi su daina tumɓuke kututture, su bar tohonsa ya girma. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka farfaɗo ta haka a kudancin Nijar. Mutane suka ƙaru, itatuwa ma suka ƙaru.

Littafin Farawa ya ba mu umarnin hayayyafa a sura ta 1, da na noman gona da kiyaye ta a sura ta 2. Kada mu riƙe ɗaya mu saki ɗaya. Bari miji da mata su zauna cikin addu'a, su auna ƙarfin uwa da ƙarfin gona.

Na ce wa saurayin nan, "Ɗana, haihuwarka ba zunubi ba ce. Amma in Ubangiji ya kai ka gida, kada ka sare gawon da ke gonar ubanka."