Maye Ba Dirakula Ba Ne

Na ji wasu 'yan'uwa ɗalibai suna cewa wai Dirakula, na littafin Bram Stoker na 1897, shi ne mayen Turawa. Ni ban yarda ba. Dirakula matacce ne mai tashi da dare, basarake, baƙo, jini yake sha. Mayen da aka tsorata mu da shi muna yara a Jega kuwa rayayye ne, maƙwabci, mai ƙanƙara a ciki, kurwa yake kamawa. Haka ake faɗi har Aliero da Maiyama. To, wa ake zargi? Galibi tsohuwa marar gata. A silima, in an soke Dirakula, sai 'yan kallo su yi tafi su watse. Nan kuwa yaro na kwance da zazzaɓi, ba a nufi asibiti ba, an jawo tsohuwa da duka, wai sai ta tsallake shi.