Agrabah garin su wa ne?

Masu bibiyata kun san ba na raina katun, tare da yara nake zama mu kalla. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne son kan masu zanen nan. Wani gari sai sun taka sun je sun ƙare masa kallo kafin su ɗora alƙalami, wani kuwa daga kan kujera za su ƙaga shi.

Kafin a zana Arendelle na Frozen (2013) sai da ma'aikatan Disney suka je Norway. Gidajen katakon nan na bakin ruwa suna nan a unguwar Bryggen ta birnin Bergen, sunan ma daga garin Arendal aka samo shi. Portorosso na Luca kuwa ƙauyukan Cinque Terre ne na Italiya, kuma daraktan, Enrico Casarosa, ɗan Genoa ne, ya san lungunan tun yana yaro. Ɗan Italiya zai kalla ya ce ga gida.

To wa zai kalli Agrabah na Aladdin (1992) ya ce ga gida? Da fari a Bagadaza aka so a kafa labarin. Da Yaƙin Gulf ya ɓarke sai aka jirkita sunan, aka kuma jirkita garin gaba ɗaya. Fadar sarkin kamar Taj Mahal take, wanda hubbare ne a Agra ta Indiya, ba fada ba. Damisar gimbiya ma sunanta Rajah. Larabawa, Farisawa, Indiyawa, duk an zube su wuri ɗaya kamar hatsin bara. Haba jama'a, tsakanin Bagadaza da Agra tafiyar dubban kilomita ce!

Abin takaicin, Bagadaza ba ta rasa abin zanawa ba. Halifa Mansur ya kafa ta a 762 a gaɓar kogin Dijla, zagayayyen birni mai ƙofofi huɗu, a nan aka yi Baitul Hikma. Me yara suka samu a maimakon haka? Rairayi, da ɗan kasuwa mai zare takobi zai datse hannun yarinya saboda tuffa ɗaya.

Na ji masu cewa ai tatsuniya ce, asalin labarin ma a ƙasar Sin aka kafa shi. Gaskiya ne, amma Frozen ma tatsuniya ce, bai hana a hau jirgi zuwa Norway ba.

Afirka kuwa ko garin ba a ba ta ba. An je Hell's Gate ta Kenya domin The Lion King, aka dawo da duwatsu da zakuna, babu mutum ko ɗaya. Dole dai in yaba Iwájú na 2024, inda Disney ta haɗa hannu da kamfanin Kugali aka zana Legas ta nan gaba, da tsibirinta na masu kuɗi da cunkoson talakawa. Wanda ya san Ikko zai gane ta.

Iyaye, duk ranar da yaranku suka kunna Aladdin, ku gaya musu Bagadaza birni ne na gaske, da kogi da malamai da littattafai.