Mai Hoton da Ake Mantawa da Shi

Da zarar an ɗaga kyamara a Zongon Lome, sai wuri ya sauya. Alhaji ya gyara babbar riga ya karya hula, mai goro ta janyo mayafi, yara su yi caa su cika gaba. Mai ciniki ma sai ya haɗiye maganarsa ya tsaya ƙyam. Babu musu, zuwan mai hoto yana canza mutane. Gwaninta ita ce sanin yadda za a jira har wannan canji ya lafa.

Gwani ba ya laɓewa, ba ya satar hoto. Ta ƙofar mai gida yake shiga, yadda fataken goro da na shanu suka saba sauka tun kafin hukuma ta rushe tsohon Zongo a 1977, aka mayar da mutanensa arewacin gari, wajen Agoè. Zai yi sallama, ya tambayi gida da gajiya, ya sha ruwa, kyamara tana rataye a kafaɗa. Sannan ya fara ba kowa hoton da yake so, na tsayuwa cikin ado. Ni ban raina irin wannan hoto ba, domin yana nuna yadda mutum yake so a gan shi, kuma da irinsa ne mai hoto Alex Acolatse ya adana fuskokin manyan Lome na zamanin Jamus da Faransa.

Sai an ƙoshi da wannan ne aikin da ya fi burge ni yake farawa. A wurin suna ya san lokacin da liman zai ɗaga hannu, ya san inda wanzami zai zauna. Tun kafin a kai ga haka ya riga ya tsuguna inda hasken rana yake bayansa, ba sai ya ratsa taro ba. Ba ya kunna fitilar kyamara, ba ya cewa "a sake". Hira yake yi, idonsa na kan hannun dattijon da ke raba goro. Haka ma mai hoto Malick Sidibé na Bamako ya daɗe yana zuwa wuraren rawar samari a shekarun 1960 har suka saba da shi, shi ya sa hotunansa suke motsi.

Ya kuma san lokacin sauke kyamara: idan an ta da salla, ko matar gida ta kau da fuska, sai ya bari har a kira shi.