Fenti a Jikin Samfurin Jirgin Ruwa: Martani ga Masu Son Katako Tsirara

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo tsakanin masu ƙera ƙananan samfuran jiragen ruwa a Turai da Amurka, wai fenti mafakar raggon kafinta ne. A cewarsu, wanda ya iya lanƙwasa katako ya jera shi daidai ba shi da abin ɓoyewa, sai ya goga mai ya bar jikin itacen ya fito fili. Hujjarsu ta kullum ita ce samfuran Hukumar Sojan Ruwa ta Ingila na ƙarni na 17 da na 18, waɗanda ake gani a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan. Sai dai wanda ya tsaya ya dube su da kyau zai ga hujjar ta juya wa masu ita baya. Gaskiya ne an bar ƙasan yawancinsu a buɗe don a ga haƙarƙarin jirgin, amma samansu cike yake da baƙi da ja da ruwan zinariya da zanen ado. Tun kafin su ma, jiragen katakon da aka tono a kabarin Meketre a Masar a 1920, masu shekara wajen 4,000, duk an shafe su da launi. Samfuran ƙashi da fursunonin yaƙi na Faransa suka sassaƙa a Ingila zamanin Napoleon su ne suka fita daban, su kuwa abin da hannu ya samu a kurkuku suka yi aiki da shi.

Abin da masu wannan ra'ayi suka kasa lura da shi shi ne ma'auni. Waɗancan samfuran Ingila yawanci 1:48 ne, wato rubu'in inci a samfur yana wakiltar ƙafa ɗaya a jirgin gaske. Komai na jirgin an ƙanƙantar da shi sau 48, ban da abu ɗaya: jijiyoyin katakon da aka yi samfurin da shi. Ramin da ke jikin itace mai faɗin rabin milimita, idan aka mayar da shi girman gaske, ya zama tsaga ta milimita 24, wadda babu jirgin da zai yi kwana ɗaya a teku da ita. Katako tsirara, duk kyansa, ƙarya yake yi game da girman abin da yake wakilta. Maƙeran dā sun san haka, shi ya sa suka zaɓi itatuwa masu laushin jiki irin su boxwood.

Amma wannan lissafi bai bar mai fenti ba shi ma. Shafi mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita ya kusa milimita 5 a jirgin gaske, ya isa ya cike layin da ke tsakanin katako da katako. Don haka ainihin gwanintar tana cikin shirin da ake yi kafin launi ya hau. Ana fara guga da samfefa mai kaushi, lamba 120, a bi ta da 220, a naɗe ta a kan ɗan gungume don kada yatsa ya haƙa kwari a jikin. Sai a shafa abin toshe ƙofofin itace, domin katako yana shan ruwan fenti ya tayar da gashi. Idan ya bushe a sake gogewa. Inda aka ga rami a cike da fila, kaɗan-kaɗan, don tana tsukewa idan ta bushe. Daga nan sai shafin farko, mai ruwan toka, wanda a ganina shi ne alƙalin aikin gaba ɗaya. Ruwan toka ba ya ƙyalli, ba ya ɗauke ido, idan aka haska fitila daga gefe duk wani tudu da tsaga sai sun yi inuwa. Nan ake gane cewa fenti tona asiri yake yi, ba rufawa ba. Kamar magini ne da zanen bango: idan yaɓe bai daidaita ba, launi ƙara fito da karkatar zai yi. Ana komawa da samfefa mai lamba 400 ko 600, a sake shafawa, har jikin ya daina nuna aibi. Launin kansa kuma shafi uku ko huɗu ne masu ruwa-ruwa, launi mai haske kafin mai duhu, kuma marar ƙyalli, domin jirgin da ake hange daga nesa ba ya walƙiya kamar sabuwar mota.

Layin ruwa, wato iyakar da ruwa ke kaiwa a jikin jirgi, shi ne wurin da hannu ke fallasa kansa. Ba a auna shi da zare a jikin da ya lanƙwashe. Ana kafa samfurin daram a kan tebur, a ɗaure fensir a kan gungume daidai tsayin da ake so, a zagaya da shi. Idan an manna salatif a kan layin, a fara shafa bakinsa da launin da ke ƙarƙashi don ya toshe kafar da sabon launi zai kurɗa.

Ƙasan wannan layi kuwa, inda jama'a ba sa kallo, nan ne tarihin jirgi yake, kuma nan ne na fi ganin asarar masu katako tsirara. Tsutsar teku mai huda katako da gansakuka su ne abokan gabar jiragen dā. Kafin jan ƙarfe, ana shafa wa ƙasan jirgi wani haɗi mai fari-fari na mai da ƙaro da farar wuta. A 1761 aka gwada lulluɓe jirgin Alarm da fallayen jan ƙarfe, a 1780 kuma aka yi wa Victory, jirgin da kwamandan sojan ruwan Ingila Nelson ya hau a yaƙin Trafalgar na 1805. Saboda haka samfurin Victory mai farin ƙasa yana nufin shekarunta na farko bayan saukarta ruwa a 1765, mai jan ƙarfe kuma yana nufin bayan 1780. Cutty Sark ta 1869 ƙarfen Muntz aka sa mata, haɗin jan ƙarfe da tutiya mai kalar rawaya, don haka mai shafa mata ja jawur ya yi kuskure ko da layinsa ya miƙe. Samfurin da ba launi ba ya iya faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Suka ɗaya ce take da nauyi: wai ba mu san ainihin launukan ba, kowa hasashe yake yi. To, hasashen yana raguwa. Vasa, jirgin Suwidin da ya nutse a 1628 aka ciro shi a 1961, yau baƙi-ƙirin yake tsaye a Stockholm, amma binciken ɓurɓushin launi a jikin sassaƙensa ya nuna ja da shuɗi da zinariya, kuma samfurin 1:10 da ke gefensa yana nuna wa mai ziyara hakan. Victory ma ta shafe shekaru da ratsin rawaya mai ƙarfi a Portsmouth, sai masu bincike suka bi tsofaffin shafe-shafen fentinta ɗaya bayan ɗaya, aka sake mata launi a 2015 zuwa wani mai haske da ya karkata ga ruwan hoda. Masu samfuran rawaya da yawa ba su ji daɗi ba, wasu har yau ba su yarda ba.