Ɗigon da Ba a Gani: Nazari a Kan Haɗa Lissafin Kuɗaɗen Ƙasashe

A kasuwar Maraɗi in mai tumatir ta ce maka "dala ashirin", sefa 100 take nufi, domin a bakin mutanen Nijar dala ɗaya sefa biyar ce. Baƙon da ya ji "ashirin" ya miƙa ashirin zai sha kallo. Lambar daidai ya ji ta, ma'aunin ne bai sani ba. Wannan tuntuɓen ne manyan kamfanoni ke yi a cikin kwamfuta idan sun zo haɗa lissafin rassansu na ƙasashe daban-daban, sai dai a can babu mai tumatir da za ta ce "Malam, kuɗinka bai cika ba."

Kuɗaɗen duniya ba gurbi ɗaya suke da shi a bayan ɗigo ba. Ƙa'idar ISO 4217 ta ba naira gurbi biyu saboda kwabo, haka dalar Amurka da yuro. Yen na Japan da sefa ba su da ko ɗaya. Dinarin Kuwait da na Bahrain da na Tunisiya uku-uku gare su, domin kowanne kashi 1,000 ake raba shi. Kamfani irin Simintin Dangote, mai masana'antu a Senegal da Kamaru, wanda kuma da naira yake fitar da rahotonsa, duk ƙarshen shekara sai ya ratsa wannan bambanci.

Manhajar SAP, wadda kamfanoni da yawa ke riƙe asusunsu a cikinta, tana da wata dabara da ta daɗe tana ruɗa sababbin shiga. A rumbunta kusan kowane adadi da gurbi biyu ake ajiye shi, ko kuɗin wace ƙasa ne. Yen 1,000 yakan kwanta a matsayin 10.00. Dinarin Kuwait 12.345 yakan kwanta a matsayin 123.45. Wani jadawali mai suna TCURX ke tuna wa manhajar inda ɗigon kowane kuɗi ya kamata ya koma kafin a nuna wa akanta a allo. Muddin ana cikin gida, lafiya lau. Ranar da aka kwashi ɗanyun lambobin zuwa wani rumbu don haɗa lissafin rukunin kamfanin, aka bar jadawalin a baya, kuɗin reshen Tokyo ya ragu ninki 100, na Kuwait kuma ya kumbura ninki 10.

Abin da ya sa kuskuren ke daɗewa shi ne littafin yana daidaita. Shiga da fita duk da ma'auni ɗaya suka karkace, jimilla ta yi cif, mai duba na farko ya sa hannu. Sai wanda ya san reshen da idonsa zai ce yaya kamfanin da ke loda tirela kullum cinikinsa bai kai na shagon lungu ba.

Maganin da aka saba yi, wanda ni ban yarda da shi ba, shi ne a je cikin rahoton ƙarshe a rubuta "in yen ne, ninka da 100". Ya yi aiki yau. Gobe an buɗe reshe a Abijan, wanda ya rubuta gyaran ya bar aiki, babu mai tuna cewa sefa ma haka take. Wasu kuma sukan taɓa TCURX ɗin kansa bayan an riga an shigar da bayanan shekaru, abin da ke sauya ma'anar duk tsofaffin lambobi a dare ɗaya ba tare da ko ɗayansu ya motsa ba. Gyaran da ke ɗorewa a bakin ƙofa ake yin sa: kowane adadi ya shigo tare da sunan kuɗinsa, a mayar masa da ɗigonsa nan take, sannan a canza shi.

Akwai kuma ƙaramar matsalar kwabo. Raba naira 100 gida uku, kowa ya samu 33.33, kwabo ɗaya ya yi ɓatan dabo. Akantoci suna da asusu na musamman da suke zuba irin wannan rarar, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne asusun ya zama juji, inda ake cusa duk abin da aka kasa ganewa. Turai ta ɗauki lamarin da gaske lokacin shigowar yuro: dokarta ta 1997 ta ce farashin canji lamba shida ne, ba a datse shi, ba a juya shi baibai don sauƙin lissafi. Shi ya sa har yau yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba 656 ba, ko da yake sefar da ke hannun mutane ba ta da ɗigo. Wanda ya cike ta zuwa 656 a kan yuro miliyan 10 ya ƙirƙiri sefa 430,000 da ba su taɓa shiga asusun kowa ba.